Kawu Direba da Famfon Asibitinmu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa farar motar wata hukumar raya ƙasashe. Gajere ne mai ƙaton agogo, kuma ba ya gudu ko da titi ya zama nasa shi kaɗai, shi ya sa a ofis suke kiransa Sannu-Sannu. Shugabanni bakwai ya ɗauko daga filin jirgi, ya mayar da su bakwai ɗin, shi yana nan da tsummansa na goge gilashi.

Shi ya fahimtar da ni yadda aikinsu yake tafiya. "'Yata, duwatsu uku ne kamar murhu," in ji shi. "Masu ba da tallafi su kawo kuɗi, gwamnati ta sa hannu, mu kuma mu sha zirga-zirga. Shekara uku a rufe aiki, a miƙa wa ma'aikatar gwamnati makulli, a ɗauki hoto, a buɗe wani da sabon suna."

Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti mai gado shida. Irin wannan aikin ne ya haƙa mana rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da tanki, da ƙaton allo mai tambari uku. Wata goma sha huɗu muna shan daɗi, sai wata 'yar na'ura da ba ta fi bulo girma ba ta ƙone. Na rubuta wa ma'aikatar lafiya, suka ce gyara ba ya cikin abin da aka miƙa musu a rubuce. Na rubuta wa hukumar, suka ce an rufe wannan aikin, fayil ɗinsa ma ya koma ɗakin ajiya. Kusan shekara muna karɓar haihuwa da ruwan jarka, muna auna shi da kofi. Duk safiya in na ga allon nan yana ƙyalli sai raina ya ɓaci.

Na kai wa Kawu kuka. Ya girgiza kai ya ce, "Direba ba ya magana a taro. Ƙeyata kawai suka sani."

Ana nan sai wakiliyar masu ba da tallafi ta kawo ziyara. Irin wannan ziyara a takarda ake tsara ta, minti bayan minti, kuma wuraren da za a nuna an shafa musu fenti tun mako guda. Asibitinmu ba ya ciki. Direbobi kuwa sa hannu suke yi cewa ba za su sauka daga hanyar da aka rubuta ba. Kwantiragin Kawu duk shekara ake sabunta shi, kuma saura wata ɗaya ya ƙare. Ya san wannan sarai.

Ranar ziyarar Kawu ne ya ɗauko su. A kan hanya baƙuwar ta tambaya ko akwai inda za ta kewaya ta wanke hannu. Jami'in da ke kula da ziyarar ya duba takardarsa ya ce otal yana gaba, minti arba'in. Kawu, wanda bai taɓa tsoma baki a zancen manya ba, ya ce, "Ranki ya daɗe, ga asibitin da kuka sa wa ruwa nan, minti biyar ne." Bai jira amsar jami'in ba ya karya kan mota.

Ina fitowa daga ɗakin haihuwa na gan su. Matar ta murɗa famfon farko, shiru. Ta murɗa na biyu. Na ɗauko buta na zuba mata a hannu, kaɗan-kaɗan yadda muka saba. Ta ɗaga kai ta dubi allon, ta ga tambarinsu, sannan ta tambaye ni tun yaushe. To, ni dama a cike nake. Na zazzage mata komai, har kwafin wasiƙuna na ɗauko mata, jami'in nan yana ta share gumi. Kawu yana jikin mota, ko kallonmu bai yi ba.

Bayan mako uku masu gyara suka zo, kafin azahar sun gama. Daga baya aka ƙara shafi a yarjejeniyar hukumar da gwamnati, wanda ya faɗi ƙarara wa zai yi gyara in an rufe aiki. Asibitoci tara suka amfana, na ji an ce.

Kawu kuma takarda aka ba shi: ya bar hanya ba da izini ba, ba za a sabunta masa ba. Ya wanke motar tas, ya miƙa makulli, ya hau motar haya ya koma gida. Na yi kuka, na ce ni na jawo masa. Ya ce, "Ke kika riƙe sitiyarin?"

Yanzu yana koya wa mata tuƙi a wani fili bayan gidansa, kuma an ce ɗalibansa duk ba sa gudu. Ban san da wane baki zan gode masa ba, don ba ya tsayawa a yi masa godiya.

Ranar da muka yi wa jaririyar farko wanka da ruwan famfo, na kira shi a waya. Ya ɗauka. Na buɗe famfon har ƙarshe na kara wayar a jikinsa. Ya daɗe yana saurare, ina jin numfashinsa.

Can ya gyara murya ya ce, "To na ji. Rufe haka nan, 'yata, kada ki yi ɓarna."