Uwar Wasu a Kan Katifa, Tawa a Bakin Titi

Ina jin haushin mutanen ƙasar nan da karatu ya kawo mu, kuma ba zan ba kowa haƙuri ba. Ba su yi mini komai ba sai alheri. Alherin ne ma ya tsaya mini a wuya.

A lokacin maigidana yana karatun digiri na uku, muna zaune a hawan ƙasa a unguwar Setapak, nan ƙasar waje. Ni sai da na haifi 'ya'ya huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka da saƙon gargaɗi ya shigo wayata da yatsa na bi Turancin, har na gane ana cewa kogi zai cika, a kwashe kaya. Ban kwashe ba. A ƙauyenmu can ƙasar Haɗeja, wanda ya ɗaure kaya tun ruwa bai zo ba mugun fata yake wa gari, haka Innata ta raine ni. Maƙwabciyata 'yar ƙasar, wadda muke kira Makcik, ta leƙo tana roƙona ko buhun shinkafa in ɗora kan kabad. Na ce mata Allah yana nan.

Kafin la'asar ruwa ya kai mini gwiwa a falo. Sai ga ma'aikatan ceto a kwale-kwale. Da mahaifiyar Makcik suka fara, tsohuwa mai ciwon ƙafa. Biyu suka ɗauke ta a hankali, wani yana riƙe mata lema. Lema fa, jama'a! Aka kai mu zauren wata makaranta, kowane iyali da ɗan tantinsa, ga katifa, ga shinkafa da zafinta, ga likita yana bin tsofaffi yana auna su. Ana ta ce mini makan, makan, wato in ci, na ture kwanon gefe. Don bara da ruwa ya karya jingar ƙauyenmu, a bakin titi Innata ta yi ta kwana ƙarƙashin leda, ba wanda ya tambaye ta ko ta sha maganin hawan jininta.

Abin da ya ƙarasa ni, Makcik ta zauna tana mita wai kwale-kwalen ya makara, wai da a Japan ne da an kwashe mu tun ruwa bai taɓa ƙofa ba. Na dubi uwarta tana minshari a kan katifa, na ce wa Makcik ko ta yi mini shiru ko in koma cikin ruwan. Baiwar Allah ba ta san me ta yi ba, ta dawo da shayi ta ajiye mini. Har yau ina jin kunyar shayin nan.

Da magariba ƙanena ya kira, ya ce kogi ya fara lasar jinga, Inna kuma ta rantse ba inda za ta, ba za ta yi wa gari mugun fata ba. Ina riƙe da wayar ina kallon mutanen nan sun jeru suna salla. Ashe shiri bai rage musu tawakkali ba, ni ce dai na rasa shinkafata da littattafan maigida. Ku masu tsofaffi a bakin kogi, kada ku zauna jiran kwale-kwale. Namu ba ya zuwa, ko a makare.

Washegari da na idar da asuba, can gida dare ne, ban damu ba, na tashi ƙanena daga barci. Na ce gari na wayewa ya nemo a-kori-kura ya kai Inna gidan Goggo a kan tudu, ko tana so ko ba ta so. In za ta yi baki, ya gaya mata ni na aiko shi, ta yi a kaina.