Ranar da Na Karɓe Na'urar Baba Ila

Ban taɓa mantawa da ranar da na karɓe na'urar ji daga hannun Baba Ila, wani manomi daga Yargoje, ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, ina ba ku labarin ne don kada ku taka inda na taka.

Lokacin ni ne jami'i mai kula da masu ciwon kunne a wani asibiti a Ƙanƙara, saura shekara biyu in yi ritaya. Na yi kwas a Khartum, na yi aiki a Maraɗi da Garwa, ina jin Larabci da Faransanci da Turanci. Allah Ya yafe mini, ina ji da kaina. Wata ƙungiya ta ba mu na'urori kaɗan, masu jira kuwa da yawa. Ƙa'ida ita ce duk wanda tasa ta lalace saboda sakaci, a karɓe, a soke sunansa.

Baba Ila ya samu ɗaya. Bayan sati shida ya dawo da ita a naɗe cikin ƙyalle, ya ce, "Likita, abar nan ta yi shiru." Na duba, bakinta cunkushe da dauɗar kunne. Na kunna, ko ƙis. A gaban jama'a na ɗaga murya na ce a Khartum mutum kan shekara biyar da irinta, mu nan sati shida mun kashe. Bai ji rabin maganar ba, amma ya ga fuskata. Ya ce, "Mi na yi, Likita?" Na rubuta sakaci, na jefa ta a durowa.

Wata guda bayan haka Hajiya Rabi, nas ɗin da ke aiki tare da ni, ta ci karo da na'urar a durowa. A bakin kowace na'ura akwai 'yar rariya mai tare dauɗa. Ta cire tsohuwar, ta sa sabuwa, sai ga na'ura tana aiki. Ta dube ni ta ce, "Alhaji, lafiyarta lau. Kun kuwa nuna masa yadda ake sauya wannan?" Ban nuna masa ba. Abin da littafin masu ƙera ta ya ce shi na karanta masa.

Na hau babur na tafi Yargoje. Na sa wa Baba Ila na'urar, na ce ya nuna mini yadda yake yi da ita. Ya cire, ya yi alwala, ya shafi kunnuwa da jiƙaƙƙun yatsu, ya mayar nan take don kada karatun liman ya wuce shi. Sau biyar a rana, ruwa na narkar da dauɗa, na'ura na kwasa. Ni ma sau biyar nake alwala, amma tunda littafin bai ambata ba, ban taɓa kawowa a raina ba.

Sai a lokacin na lura da tabarmin zaman makoki a ƙofar gida. Matarsa, Inna Hauwa, ta rasu kwana shida da suka wuce. Ya ce, "Kwana uku tana yi mani magana. Ina kallon bakinta, ina ɗaga kai. Ɗiyarmu ta ce gafara take nema. Na yafe, amma ban ji da kunnena ba."

Na ce, "Baba, laifina ne." Ya ce, "Ba komi, Likita, haka Allah Ya so." Ya kuma sa aka ɗauro mini ƙwan zabi a leda. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar na ajiye buta a ofis. Ba wanda ke tafiya da na'ura sai ya yi alwala a gabana, ya tsane kunne, ya goge bakinta da ɗan buroshi, ya sauya rariya da hannunsa. Kafin ku rubuta wa mutum sakaci, ku fara tambayarsa yadda yake wuni. Ni harshe huɗu nake ji, amma tambayar nan ɗaya ban yi wa Baba Ila da Hausa ba.