Ɗakin sanyin da na haƙa wa Inna

Shekarun baya, ba a daɗe da yanko mana jihar Kebbi daga Sakkwato ba, ina koyarwa a wata firamare a Jega, mahaifiyata kuma tana sana'ar zoɓo da kunun zaƙi. Da sana'ar nan ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. To amma in bazara ta kama, kafin la'asar kunun ya yi tsami, zoɓon ya koma kamar ruwan wanka. Masu sayarwa a bakin kasuwa suka fara sa ƙanƙara, jama'a suka koma can. Mu kuwa unguwarmu ko turken lantarki babu. Rannan na ga Inna ta juye wa awaki rabin randar kunu, ta shige ɗaki.

A garin Danwarai dabara ta zo mini. Na je gonar albasar kawuna, guga ya faɗa rijiya, aka ɗaura mini igiya na sauka. Rana na gasa mutane a sama, ni kuwa can ƙasa har tsigar jikina tana tashi. Sai da aka yi ta kira kafin na yarda na fito.

Da na dawo na ce, "Inna, ɗaki zan haƙa miki a ƙarƙashin ƙasa, mu jera randunanki ciki."

Ta dube ni ta ce, "Mi kac ce? Ina da raina za ka gina min rami tsakar gida? Karatun ga naka ya fara taɓa ka."

Kwana da kwanaki ina lallashi kafin ta ce in yi can bayan rumbu, inda ba ta gani. Na ɗauko abokina, wani magini a Maiyama, ya zo a bayan babur da diga da shebur. Muka haƙa har tsayin mutum, muka yanka matakala, muka rufe da azara da zana, muka yaɓe da laka. Maƙwabta suna leƙe ta katanga suna tambaya ko zinari muke nema.

Ba mu gama ba sai da hadari ya fara haɗuwa. Ruwan farko mai ƙarfi ya bi gangare ya cika ɗakin fal. Da safe muka iske randuna biyu a fashe, kwaɗi na iyo. Inna ta leƙa ta ce, "Madalla, ka yi wa kwaɗi gida." Kunya ta hana ni cin abinci ranar.

Bayan kaka muka sake shiri. Muka ɗaga bakin ƙofar, muka ja magudana ta zagaye, muka bar ƙaramar kafa a sama don iska. Sabbin randuna huɗu muka binne har wuya cikin yashi mai laima.

Azumin shekarar a tsakiyar zafi ya faɗo. Ranar farko Inna ta dama kunu da hantsi, na sauke mata shi ɗakin ƙasa. Da aka kira magariba na haura da kwarya. Ta kurɓa, ta sake kurɓa. Sannan ta ce, "Randa huɗu ba su isata. Ku ƙara ginawa wajen gabas."

Kafin azumi ya raba, layin yara da kwanoni har waje.

Yau akwai firji a gidan, ɗakin kuma doya da goro ake ajiyewa. Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin wayona. Sai da na girma na gane ba sanyin ne ya fi daɗaɗa mini ba. Tun rasuwar mahaifinmu, kullum maganar Inna yadda za a lallaɓa a kai gobe. Magaribar nan ce karo na farko da na ji ta ce a ƙara.