Ranar da Muka Tare Titin Riyad

Har gobe ban manta da yammacin da na kusa rasa ikamata ba, wato takardar zama, saboda tuwon asida.

Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Wad Madani. A wajenmu, in azumi ya zo, ana shimfiɗa tabarmi bakin titi gab da magariba, dattawa su miƙe rawani su tare hanya. Ko bas ce sai ta tsaya, kowa ya sauko ya sha ruwa.

Da na zo Riyad aikin ban ruwan itatuwan gefen titi, garin bai kwanta mini ba ko kaɗan. Motoci kawai, gilashi baƙi, ba mai ce maka sannu. Na ce wa Baba Haruna, dattijon ƙungiyarmu, mutumin garin Suki can wajenmu, garin nan ba mutane a cikinsa.

Azumi ya kama. Baba Haruna ya dubi motocin nan suna gudu, rana na shirin faɗuwa, ya ce, "Ɗana, waɗannan bayin Allah a hanya za su sha ruwa muna kallo? Wannan abin kunya ne."

To, kamfani ya ba mu jajayen robobin nan na karkatar da motoci in muna gyaran famfo. Muka shimfiɗa tabarma, muka ajiye tuwon asida da miya, muka jera robobin, muka toshe titi, muka miƙe rawaninsa, shi can ni nan. Kafin ka ce me, layi ya yi tsawon da ido ba ya ganin ƙarshensa, ga ƙarar hon kamar ana biki.

Ɗan sanda ya iso, ya tambayi inda aka yi hatsari. Baba Haruna ya ce, "Ba hatsari, abinci ne." Ɗan sandan ya karɓi ikamominmu, ya ce gobe muna cikin jirgi. Na tuna yarana da suka dogara da aikin nan. Sai ga kiran salla. Baba Haruna ya danƙa masa dabino a hannun da ke riƙe da takardunmu.

Sai ƙofofin motoci suka fara buɗewa. Ashe akwai mutane. Bahindiye, Balarabe, ɗan Misra, kowa ya durƙusa kan tabarma. Har mushrif ɗinmu, shugaban aiki, ashe yana cikin layin; ya zo da niyyar korarmu, ya ƙare yana tambayar ko da sauran miya.

Ɗan sandan ya mayar mana da takardu, ya ce in ya sake ganin roba ɗaya a titi, shi da kansa zai raka mu filin jirgi. Washegari mushrif ya kulle robobin. Muka yi shimfiɗa can gefe, jiki a sanyaye. Wata mota ta tsaya da kanta, mai ita ya fito da tukunya.

Ku sababbin zuwa, robobin kamfani na gyaran famfo ne, kada ku taɓa. Amma kada wanda ya ce muku garin nan ba mutane. Suna nan, ba wanda ya taɓa tsayar da su ne.