Shayin Garba

Jama'a, yau kofin shayi ne ya kawo mini labarin da na yi shekara biyu ina jira.

Da hantsi wani baƙo mai fataucin shanu ya sauka a gidanmu nan Salaga. Yayana Inuwa ya ce in haɗa masa shayi. Na haɗa yadda mijina Garba ya koya mini kafin ya tafi Bawku da goro, tafiyar da har yau shiru. Na gasa kanumfari a kan garwashi, na daka da citta, na tafasa da madarar shanu, na sa ɗan gishiri, na yi ta juyawa tsakanin kofi biyu har ya yi kumfa.

Yaya ya kai zaure. Ni kuwa na laɓe a bayan ƙofa, don kowane baƙo sai na saurara.

Baƙon ya kurɓa, ya ce, "Maigida, mutum ɗaya na sani mai gasa kanumfari ya sa gishiri. Wani Garba ne mai goro, Allah ya jiƙansa."

Yaya ya ce, "Me ka ce, Malam?"

Ya ce, "Bara zazzaɓi ya kwantar da shi a Yendi, yana hanyar gida. Da ni aka binne shi. Wa ya haɗa wannan?"

Na koma murhu na zauna. Madarar da ta rage tana ta zuba a wuta, na kasa sauke tukunyar.