Ƙahonin da Malam Istifanus Ya Bari a Rana

Matso kusa ka gyara zama, in ba ka labarin Malam Istifanus, wanda ya koyar da lissafi da kiɗa a wata sakandaren maza a nan Sakkwato. Mutumin Zonkwa ne, gajere, mai sanƙo, aljihun rigarsa kullum fari fat da alli. Ya zo garin nan yana saurayi, ya kama haya a Gawon Nama, ya auri Tabita mai ɗinki, suka haifi 'yarsu Naomi.

In darasi ya kai kan rabi da kwata, ba ya wahalar da allo. Sai ya sa yara su bugi tebur: bugu ɗaya, a raba shi biyu, a raba shi huɗu, har mai taurin kai ya gane da tafin hannunsa. Da la'asar kuma ya fito da kayan kiɗan makaranta, ganguna uku da begila biyu duk sun lotse. Shekara goma sha biyu shi ke jan yara fareti ranar yara, ashirin da bakwai ga Mayu. Ba su taɓa zuwa na ɗaya ba. Amma shi ne a gaba riƙe da sanda, kuma wannan 'yar tafiyar ita ce sarautarsa.

Sai ga shekarar 1976, kuɗin mai sun malalo. Motar gwamnati ta sauke ƙahonin badujala goma sha biyu, sababbi fil, masu maɓallai, suna ɗaukar ido. Istifanus ya yi ta shafa su yana murmushi shi kaɗai. Murmushin bai yi sati biyu ba, sai ga wani saurayi mai suna Sunday daga Jos, wanda ya yi kiɗa a soja, bisa sabon babur, ga suma tuli, ga wando mai share ƙasa.

Shugaban makaranta, Malam Hayatu, ya kira Istifanus ofis. Ya ce, "Malam, wanga yaro don ƙahonin ga anka turo shi. Kai ka riƙe lissafinka, ka huta."

"Ranka ya daɗe, na ce na gaji ne?"

"Ba ka ce ba. Takarda ta ce."

To, daga nan fa ƙyashi ya samu wurin zama. Da ma Sunday mugu ne, da da sauƙi. Ina! Yaro mai ladabi, har rusunawa yake yana cewa "Baba, ina kwana?" Wannan "Baba" kuwa ta fi zagi yi wa Istifanus ciwo. Yaran da a da ke rububin ɗaukar masa jaka, yanzu babur suke gogewa. In busa ta tashi yana gida, iska ta kawo ta, sai ya ja tsaki.

"Wannan kiɗa ne? Hayaniya ce kawai."

Tabita ta ɗago daga kan keke ta ce, "To Baban Naomi, in hayaniya ce, me ya sa ƙafarka ke bin ta?"

Ya dubi ƙafar, ya taka ta da ɗayar.

Ranar fareti ta zo. Kai ma ka san ranar Sakkwato a watan Mayu, ba sai na faɗa maka ba. Sunday kuwa ɗan kan dutse ne, cikin sanyi ya zo garin, bai san ta ba. Ya sa aka goge ƙahonin har kana ganin fuskarka a ciki, ya jera su a tsakiyar fili tun ƙarfe takwas don sauran makarantu su sha kallo. Istifanus kuwa tun shekararsa ta farko ya koyi lulluɓe begilarsa da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Yana ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, ya ga ƙarfe a rana. Ya miƙe. Ya yi taku uku. Daidai nan ya hango sandar nan tasa a hannun Sunday, yana juya ta sama yara na shewa. Sai ya koma ya zauna.

Manyan baƙi ba su iso ba sai da rana ta take tsaka. Aka kira sunan makarantar. Yara suka ruga suka suri ƙahoni. Wayyo! Wasu suka watsar, wasu suka daure suka kai baki, leɓe ya ƙone. Babu busa ko ɗaya sai ihu. Masu ganga suka rikice, ƙafar hagu ta zama ta dama, aka wuce gaban rumfar manya kamar an koro awaki, fili duk dariya.

Washegari Malam Hayatu, rai a ɓace, ya miƙa wa Istifanus sanda da makullin ɗakin kaya. Abin da yake so ke nan, ko ba haka ba? Ya shiga ya ɗauki ƙaho ɗaya, ya hura. Aka ji wani abu kamar kukan maraƙi. Begila ba ta da maɓalli. Waɗannan kuwa uku uku gare su, bai san inda zai sa yatsa ba. Kwana goma yana rufe ƙofa yana fama, bai fid da waƙa ko rabi ba, ga yara na jira a waje da tabo a leɓe.

Ranar Asabar ya sa ƙaho a buhu, ya taka har ɗakin da Sunday ke haya a Ƙofar Marke. Saurayin ya shimfiɗa masa tabarma, ya kama yatsunsa ya ɗora su ɗaya bayan ɗaya. Yana cewa, "Baba, laifina ne. Da na tambaye ka, ai da ka gaya mini."

Istifanus ya kafa ido kan maɓallan. Ya koya, ya kuma ja badujalar nan shekara goma sha ɗaya, har suka ci kofi sau biyu. Tabita kaɗai ya taɓa faɗa wa zancen taku ukun nan. Ta ce ya ce mata ba iya busar Sunday ce ta fi tsaya masa a wuya ba, a'a, farar zuciyar nan tasa ce, da ko zarginsa bai yi ba.

Sunday ya koma Jos yana aiko masa da gaisuwa duk Kirsimeti, bai san komai ba. Yanzu kai da ka ji, in da kai ne bisa tabarmar nan, yaro na riƙe da yatsunka, za ka iya buɗe baki ka gaya masa?