Na Bi Takalmin Wani Dattijo a Kasuwar Anka

Jama'a, yau saura kaɗan in sha sanda saboda takalmi!

Kun san wani ƙauye nike koyarwa, kuma a ƙasa nike zuwa. Damanar ga ta cinye min takalma, na ƙarshen ma gaban ɗalibai ya yage. Na ce yau ba ni barin kasuwa sai da na ƙwarai, wanda za ni aji da gona da masallaci da shi.

Na zagaye rumfuna, duk gam ne, babu ɗinki. Sai ga wani dattijo Bafillace da takalmin fata, ya sha laka amma ko zare bai tashi ba. Na bi shi. Ya shiga layin 'yan gishiri, na shiga. Kwatsam ya juyo, ya ɗaga sanda.

Ya ce, "Yaro, don mi kaka bi na?"

Na ce, "Baba, yi haƙuri, takalminka nika bi."

Ya dubi ƙafata, ya fashe da dariya. Ya ce wani baduku ne bayan tasha ya ɗinka mai shekarun baya, amma sunan ya ɓace mai. Sai ya tuɓe ƙafa guda ya miƙo min. "Kai mai, zai gane aikinai. Ina nan wurin mai shayi."

Yanzu haka ina bisa mashin, takalmin mutum a hammata. Ko dukawa nawa ne bayan tasha, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya.